Daga Tuwon Ƙasa Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Koyon Sana'a a Wajenmu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiya muna raye, asusunmu kuma bai rufe ba. Iyayen da suka kafa ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya kai haske kabarinsu.

Kwamitin biki ne suka ce in rubuta wani abu na tarihi. Ni dai 'yar kasuwa ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro bayan na yi 'ya'ya huɗu. Sai na zaɓi maganar da ta fi kowace zafi a zamanmu na watannin nan, wato maganar kuɗin horaswa. Wasunmu sun ce a sayi manyan wayoyi da data, a samo darussa na bidiyo, kowa ta koya daga ɗakinta tunda hanya ba lafiya. Wasu sun ce a'a, a ƙaro kekuna da inji, a rarraba yara ga masu sana'a su koya da hannu. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun yadda ake so ba, kuma guminmu ne, zubin wata-wata ne da muka hana cikinmu muka tara.

Na zauna da tsofaffinmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, na sa yaranmu 'yan makaranta sun duba mini shekaru. Abin da na gano shi ne gardamar nan ta girme mu duka. Mutanen da sun yi koyo a kan abin kwaikwayo, sun kuma yi koyo a kan kayan gaske, amma sun san wanda ke gaba da wanda ke biye, kuma ba su taɓa kiran wadda ta tsaya a kwaikwayo gwana ba.

Makarantar tsakar gida

Duk macen da ta tashi a ƙasar nan da tuwon ƙasa ta fara girki. Gwangwani shi ne tukunya, duwatsu uku murhu, tsinke muciya, ganyen bayan gida miya. 'Yar tsana kuma ta kara ce ko ta ƙashi, a yi mata kitso, a yi mata wanka, a goya ta, har aure ake yi mata da gara. Manya na ganin wasa ne, alhali a nan yarinya ke haddace jerin aiki: a hura wuta, a ɗora ruwa, a yi talge, a tuƙa, a kwashe. In tukunyar ta kife, ba wanda zai kwana da yunwa. Wannan shi ne babban amfanin kwaikwayo, kuskure a cikinsa arha ne.

To amma ba uwar da ta taɓa kai ɗiyarta ɗakin miji don ta iya tuwon ƙasa. Ƙasa ba ta gudaji, ba ta ƙauri, ba ta kama gindin tukunya. Shi ya sa ake bi da yarinya hawa-hawa. Ta fara da wanke-wanke da tankaɗe, a ba ta ƙaramar taɓarya, daga nan a ɗiba mata gari na gaske a 'yar tukunya. In ta iya wannan sai a bar mata tuwon gida a ranar da ba baƙi, uwa na gefe tana kallo da wutsiyar ido. Tuwon suna da na biki shi ne na ƙarshe.

Haka kaɗi yake. Wata tsohuwa a Bunguɗu ta ce mini su ba wani dogon bayani aka yi musu ba. Kusa da inna sunka zauna, anka ba su tsohon mazari da ragowar auduga da ɗan alli, zare ya tsinke su ƙulla, ya sake tsinkewa su sake ƙullawa, har yatsa ya gane da kansa. Zaren 'yar koyo ba a haɗa shi da na sayarwa, sai ranar da masaƙi ya karɓa bai yi ƙorafi ba. Masaƙin nan shi ne mai jarrabawa, kuɗin da ya biya shi ne satifiket.

Jirgi, auduga da keken ɗinki

A 1929 aka kammala layin dogo da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga yana kai wa bakin teku, yana dawo da yadin kanti da kananzir da sauran kayan Turawa. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa gidan gurza a Gusau. Sannu a hankali kaɗi ya ja baya, sababbin sana'o'i suka shigo tare da inji: keken ɗinki, injin niƙa, gyaran mota.

Inji kuwa kuɗi ne, yadi ma kuɗi ne, kuma na mutane ne. Ba telan da zai miƙa wa ɗan koyo shaddar Sallar wani. Sai teloli suka ƙirƙiro nasu tuwon ƙasar, wato takarda. Duk wadda ta koyi ɗinki a Tudun Wada ko Sabon Gari ta san wannan. Da farko a zaunar da ke kan keke ba zare, ki yi ta taka shi har ƙafarki ta daina mayar da shi baya. Daga nan a ja layi a kan takarda, ki bi shi da allura, miƙaƙƙe da mai lanƙwasa. Sannan a ba ki takardar buhun siminti da almakashi, ki auna, ki yanka riga, ki haɗa. Ki ɓata goma, ba wanda zai yi kuka.

Amma takarda ba ta miƙewa, ba ta santsi, ba ta da zanen da za a daidaita kamar atamfa. Leshi yana da nasa hali, yadi mai sulɓi yana gudu ƙarƙashin allura. Kuma takarda ba ta da ciki wata bakwai, ba ta dawowa ta ce hammata ta matse ta. Shi ya sa daga takarda ake komawa ƙyallaye, daga ƙyallaye zuwa kayan yara da ɗan kamfai, kafin a kai ga ɗinkin amarya. Yaye kuwa sai 'yar koyo ta ga Sallah aƙalla guda a shago, ta kwana kan keke, ta ji faɗan masu kaya da kunnenta.

Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sannan tamu ta Gusau a tsakiyar shekarun 1960, iyayenmu maza da aka ɗauka aiki haka suka koya. Sabon ma'aikaci yakan tsaya bayan tsohon hannu yana ƙulla zare yana kallo, kafin a bar masa inji shi kaɗai. Da masaƙar ta rufe, da yawansu hannun nan ne ya ci gaba da ciyar da gidajensu, wani gyaran inji, wani aikin lantarki.

Allo da alli

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954 don buga littattafai masu sauƙi, har lardinmu na Sakkwato ya samu jaridarsa mai suna Zaruma. Irin wannan aji ne ya yi ta canza hannu har ya iso gare mu, kuma ba mai raina shi a gabana, don ba don shi ba da wani zan roƙa ya rubuta mini wannan takarda.

A ajinmu malama takan yi mana kasuwar wasa. Ta yanka kwali ta rubuta naira hamsin, ɗari, ɗari biyar, ta jera gwangwanayen wofi. Wannan ta saya, waccan ta sayar, kowa ta rubuta a littafinta abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi. Na daɗe ina ciniki da ka, amma riƙe littafin lissafi a wannan wasa na koye shi, kuma shi ne ya raba mini uwar kuɗi da riba. Kun ga kwaikwayo ya yi rana. Sai dai a kasuwar aji ba mai kawo miki kuɗin jabu, ba mai cin bashi ya tashi daga unguwa, tumatirin kwali kuma ba ya ruɓewa in rana ta yi. 'Yan matan da muka yi ajin tare waɗanda ba su taɓa zama a rumfa ba sun fi ni saurin lissafi, amma da suka fito kasuwa sai da suka zauna kusa da mu suka ga yadda ake cewa albarka ba a kori mai saye ba.

Makarantar boko ma ta taɓa ɗaukar maganar sana'a da zafi. A 1982 aka fara tsarin nan na 6-3-3-4: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Niyyar ita ce yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fito da wani abu a hannunsa, kafinta ko ƙira ko lantarki. Gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen Turai ta rarraba wa makarantu. A wurare da yawa ba ɗakin aiki, ba wuta, ba malamin da ya san kan injin. Kaya suka zauna cikin akwatuna har suka yi tsatsa, yara kuwa suka ci gaba da zana zarto da guduma a littafi suna cin jarrabawa.

A nan nake so mu lura da wani abu, 'yan uwa. Zanen zarto a allo bai ma kai tuwon ƙasa ba. Mai tuwon ƙasa hannunta na motsi, mai ɗinkin takarda ƙafarta na kan keke. Mai kallon allo idonsa kaɗai ke aiki. Ashe abubuwan uku ne: akwai kallo, akwai kwaikwayo, akwai aikin gaske. Yawancin asarar da aka yi a tarihin nan ta zo ne daga ɗaukar kallo a matsayin koyo.

Gwamnati da kanta ta san haka. Hukumar ITF da aka kafa a 1971 ta fito da tsarin SIWES a 1973, wanda ke fitar da ɗaliban fasaha daga aji su yi watanni a wurin aiki na gaske. Shi ne abin da yaranmu na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura, wadda aka buɗe a 1983, ke tafiya yi. 'Yan matanmu na kwalejin ilimi ta fasaha da ke Gusau, wadda mata zalla take ɗauka, su ma sai sun fita sun koyar a aji na gaske kafin su gama. Hukumar samar da ayyuka ta NDE kuwa, da ta fara aiki a 1987, babban shirinta shi ne ta ɗauki matashi ta kai shi shagon mai sana'a ya zauna ƙarƙashinsa. Ashe an zagaya an zagaya, an dawo kan hanyar ubangida da yaronsa.

Zamanin cibiyoyin mata

A 1987 Hajiya Maryam Babangida ta fara shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1994 Hajiya Maryam Abacha ta zo da nata na tallafa wa iyali. A wannan zamani ne ƙungiyoyin gama kai na mata suka yawaita, aka buɗe cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa. Da aka ba mu Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, irin waɗannan shirye-shirye suka ƙara kusanto mu. Mata da yawa a nan suka fara fita neman sana'a da yardar mazajensu, kuma cikin iyayen ƙungiyar nan akwai waɗanda daga can suka samo abin da suke ci har yau.

Na tambayi irin waɗannan iyaye abin da ya sa su suka ɗore wasu suka watsar. Amsarsu ɗaya ce. Inda mata kaɗan suka raba keke ɗaya suka yi watanni, an fitar da teloli. Inda mata suka yi cincirindo kan keke guda, biyu ne suka iya, sauran suka zama 'yan kallo.

Daga baya kuma sai aka shiga yayin horaswar kwana uku. Kowa a cikinmu ta san ta. A tara mu a babban ɗaki, mai koyarwa na can gaba yana haɗa sabulu a bokiti ɗaya, na baya ko launinsa ba su hango. A ci abinci, a ba da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a raba satifiket. Don Allah kowa ta duba ƙarƙashin katifarta ta ƙirga nawa gare ta, sannan ta ƙirga nawa ne suka taɓa kawo mata ko naira goma. Har akan zargi mata da sayar da kekunan da aka raba musu. Ni ban ga lalaci a nan ba, tsoro na gani. Macen da ba ta taɓa sa almakashi a yadi a gaban wadda ta iya ba, ba za ta fara da atamfar maƙwabciyarta ba.

Inda kwaikwayo ya zama dole

Kada masu son waya su ce na karkata. Akwai ayyukan da in an ce a fara koyonsu a kan abin gaske, rai za a rasa. A shekarar da aka kammala layin dogon nan namu, 1929, wani mutumin Amurka mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai kama da mazaunin matuƙin jirgin sama. Yana karkata, yana juyawa, amma ba ya barin ƙasa. Jikokin wannan akwati, masu aiki da kwamfuta, su ake amfani da su a makarantun tuƙin jirgi, har da ta Zariya da aka kafa a 1964. A ciki ake gwada wa ɗalibi mutuwar inji da hadari mai ƙarfi, ya faɗi sau goma ya tashi lafiya. Duk da haka ba a ba shi lasisi sai ya cika awoyinsa a sama cikin jirgi na gaske, malami na gefensa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne aikin ungozoma. Ɗiyar ƙanwata mai karatun lafiya ta ba ni labarin wata ungozoma a Faransa, Madam du Coudray, wadda ta ɗinka siffar ƙugun mace da ƙyalle da fata, da 'yar tsanar jariri har da cibiya. A 1759 sarkin ƙasar ya ba ta izini, ta yi shekara fiye da ashirin tana yawo gari-gari tana koya wa matan ƙauye karɓar haihuwa a kan wannan 'yar tsana, har da yadda ake yi in ɗa ya zo da ƙafa. A 1960 kuma wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Nowe ya fito da mutum-mutumin roba da ake koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Yau yaranmu da ke makarantun lafiya irin na Tsafe da Gusau a kan irin waɗannan robobi suke fara gwada hannu, sannan a kai su asibiti su yi aiki ƙarƙashin manya. Wace ce a cikinmu za ta yarda a fara koyo a kan ɗiyarta mai naƙuda? Wace ce kuma za ta yarda wadda roba kaɗai ta sani ta karɓi haihuwar ita kaɗai?

Ƙa'idar da na fitar a nan ita ce, gwargwadon tsadar kuskure, gwargwadon daɗewar da za a yi a kwaikwayo. Amma komai daɗewar, ƙofar fita ɗaya ce, ita ce aikin gaske a gaban wanda ya iya.

Inda hannu kaɗai bai isa ba

Masu cewa hannu kawai, su ma ga tasu. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida, ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Masu aikin nan gwanaye ne, hannunsu ya san dutse. Amma dalma ba ta wari, ƙurarta ba ta bambanta da sauran ƙura, ba yadda za a yi yatsa ya gane ta. Yara fiye da 400 suka rasu, sai da likitocin MSF da ma'aikatan lafiya suka shigo da gwajin jini aka san abin da ke kashe su. Allah ya jiƙansu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma akwai sanin da sai an zaunar da kai an faɗa maka.

A tamu sana'ar ma akwai irin wannan. Mai haɗa sabulu dole a gaya mata tun kafin ta taɓa komai cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ba a jiƙa ta a tukunyar alminiyam don tana cin ta. Sai da safar hannu, a wuri mai iska. Ba a ajiye ruwanta a gorar ruwan sha, don yaro in ya kurɓa ta ƙone masa maƙogwaro, wani har abada. Wannan ba darasin da za a bar wa yau da gobe ba ne. A faɗa, a maimaita, a gwada da ruwa zalla har hannu ya saba da jerin, sannan a buɗe buhun soda.

Zamanin waya

Yanzu ga mu a zamanin da kowace sana'a tana cikin waya. YouTube da TikTok da zaurukan WhatsApp cike suke da masu koyar da yanka, da kek, da turaren wuta. Ga kuma halin da muke ciki. Uwar da ke Tsafe ko wani ƙauyen Bunguɗu, in ta ce ba za ta sa ɗiyarta a mota kullum zuwa Gusau ba, wa zai ga laifinta? Masu son waya suna da hujja mai ƙarfi.

Sai dai mu tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako. Makonni aka yi ba kira ba intanet, wasu wurare ma watanni. Wadda sana'arta ke cikin waya ta zauna, wadda tata ke cikin hannu ta ci gaba da soya ƙuli tana sayar wa maƙwabta. Mu kuma tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka tilasta mana karɓar taransifa. A rumfa munka koye ta, da kuɗinmu na gaske, wasu suka ba da kaya a kan alat na bogi. Da an zaunar da mu ko na yini biyu an yi mana kasuwar wasa da waya, an nuna mana yadda ake duba asusu kafin a saki kaya, da an rage hawaye.

Bidiyo kuma, mu faɗi gaskiya, kallo ne. Zai nuna miki ana yayyafa ruwan zafi ana juya markaɗaɗɗiyar gyaɗa har mai ya fito, amma ba zai sa ki ji ƙamshin da ke cewa suya ta yi ba, ba zai sa hannunki ya ji lokacin da tunkuza ta haɗe ba. Kuma in kin karkace ba zai ce miki tsaya ba. Yana zama koyo ne kawai in kayan aiki na gabanki, kina tsayar da shi kina yi, wata kuma na duba abin da kika yi.

Shawarata ga taro

Hajiya Shugaba da sauran iyaye, ga abin da tarihin nan ya nuna mini, in an ga da gyara a gyara.

Na farko, kaso mafi tsoka ya tafi ga kayan aiki da ladan iyayen ɗaki masu koyarwa, kuma kowace yarinya ta koya a garinsu. 'Yar Tsafe a Tsafe, 'yar Bunguɗu a Bunguɗu. Muna da gwanaye a kowane reshe. Kada a haɗa fiye da mutum uku a keke ɗaya.

Na biyu, a ware kuɗin kayan ɓatawa: takardar siminti, ƙyallaye, yadi mai arha, mudun gyaɗa. Wannan shi ne tuwon ƙasarmu, kuma ya fi atamfar mutane arha.

Na uku, a sayi waya guda ga kowane reshe, a sauke darussan a ajiye a cikinta don ranar da ba sabis. A riƙa kallo tare, kayan aiki na gaba. Da wayar nan kuma a ɗauki tsofaffinmu suna kaɗi, suna daddawa, suna sabulun salo, tun suna tare da mu.

Na huɗu, duk sana'ar da ke da haɗari, soda ko gas ko inji mai bel, da kuma karɓar kuɗi ta waya, sai an yi darasi an yi gwajin wasa kafin a taɓa na gaske.

Na biyar, kada a yaye kowa, kada a ba ta rancen jari, sai ta yi kaya da hannunta daga farko har ƙarshe, ta sayar wa wanda ba danginta ba, ya biya, ya kuma dawo. Jarrabawar masaƙin nan ta kakanninmu har yau ba a samu wadda ta fi ta ba.

Ku kuma 'yan matanmu, kada ku ji kunyar zama a kan takarda, kada kuma ku yi gaggawar barin gaban uwar ɗaki. Da koyo akan iya. Mazajenmu da ke ba mu izini da goyon baya, mun gode, a ƙara haƙuri da watannin koyo, don ba a girbi ranar shuka.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a asusunmu da hannuwanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.